Tsamiyar da Ta Karkata Hagu

"A shafe shi da farar ƙasa kafin Juma'a!" Dattijo ya buga sandarsa a gaban bangon makarantar firamaren garin, inda sabuwar malama Bayarabiya ta zana tsamiyar ƙofar gidansa. Shi ne shugaban kwamitin iyaye, maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa.

Shekara saba'in yana zama a dakalin masallaci yana kallon itacen nan, kamar yadda mahaifinsa da kakansa suka zauna. Hannun dama tsamiyar ta karkata, duk ƙasar Kusada an sani. Amma baƙuwar wata uku ta karkatar da ita hagu, har ta ƙara mata kogo da sheƙar shamuwa. Wannan ƙarya ce za a koya wa jikokinsa?

Ya koma gida yana huci, ya miƙa wa matarsa hoton zanen a waya. "Dubi ɓarnar da aka yi mana."

Tsohuwa ta daɗe tana kallo, har idonta ya ciko.

"Alhaji, ai ita ce. Nan yarinyar ta zauna kwana uku tana zane, ni ina tuƙin tuwo. Shekara hamsin haka nike ganinta."

"Daga ina?"

Ta nuna madafi.

Bai taɓa taka ɗakin ba. Ya cire hularsa, ya sunkuya ya shiga cikin hayaƙi, ya leƙa ta 'yar tagar madafin. Ga tsamiya ta karkata hagu, shamuwa tana gyara sheƙarta.