Babur ɗin da Ya Ƙi Tashi

Safwan ya sake buga kik, injin ya yi tari ya mutu. Shekara biyu ke nan tsohon babur ɗin mahaifinsa ya ɗaure shi a garejinsu na Ƙauran Namoda. Sharaɗin mahaifin nasa, Malam Maitama, ɗaya ne: "Ran da ka saita taimin ɗinsa ya tashi, na yaye ka, ka tahi Gusau ɗin da kake so."

Yau dai ya daina yarda da makin da ake saita sarƙar taimin da shi. Ya cire filogi, ya zura waya har ya ji fistin ya kai sama, amma bawul bai rufe ba. Ya kankare baƙin mai, sai ga makin asali an goge shi da magagari, an buga wani can gefe. Aikin hannun Baba ne, ya san shi.

Ransa ya ɓaci. Ya mayar da sarƙar inda ya dace, ya ɗora ƙafa kan kik, ya waiwaya don su haɗa ido.

Tsohon na zaune kan benci yana laluben butar da ke gabansa. Sau biyu hannunsa na wuce ta. Ashe ganinsa ne ya dusashe, shi ya sa kullum sai ya ce, "Duba mini wannan."

"Safwan, zai tashi?" in ji tsohon.

Safwan ya sauke ƙafarsa. Ya durƙusa, ya mayar da sarƙar kan makin ƙarya.

"Ya ƙiya, Baba. Gobe na sake gwadawa."