Tabo a Gwiwar Umma

"Me ya sa Yaya zai hau keke, ni a hana ni?" budurwar ta tambaya. Yanzun nan ta faɗo daga kekensa da ta ɗauka a ɓoye.

Mahaifiyarta ta durƙusa da ruwa da auduga. "Mace ba ta hawa keke. Haka muka taso muka tarar."

"In ji wa, Umma?"

Uwar ta tattare zaninta kada ya jiƙe, sai ga tsohon tabo a gwiwarta, daidai inda 'yar ta ƙuje.

Suka haɗa ido. Uwar ta saki zanin, ta ci gaba da goge jinin.

"Gobe," ta ce ƙasa-ƙasa, "birkin baya za ki fara kamawa. Na gaba shi ke kayar da mutum."