Ba a Tura Motar Baba

Shekarar da aka ba mu Jihar Kebbi, akori-kurar Baba ta ƙi tashi a kasuwar Aliero, ga albasa maƙil a baya. In ya murɗa makulli sai ƙyas, shiru. Direbobi suka taru suna dariya: "Malam, sitata ta mutu, bari mu tura."

"Ba a tura min mota," in ji Baba. "Ɗiyata, miƙo wuƙar albasa."

Ya bi wayar batir har ƙasan inji, ya tarar tsatsa ta cinye bakinta. Ya kankare, ya ɗaure tam, ya zaunar da ni gaban sitiyari. "Ke za ki tada ta."

Na murɗa, ta ɗauka da ruri.

Jiya makanike ya ce motata sai sabuwar sitata. Na ce ya fara miƙo min wuƙa.