Hoton Alhaji Maiwada a Gonar Auduga

Kyamara uku Bature mai kanti ya jera wa Alhaji Maiwada a Funtua, Alhaji ya ture biyu gefe. Masu murɗe-murɗe ne, shi kuwa ba ya son abin da zai sa a gane bai iya ba. Ya ɗauki 'yar ƙaramar baƙa mai shiga aljihu.

"Wannan dannawa ce kawai, Alhaji," in ji Bature. "Sai dai ba ta da kara. Duk abin da ke gabanta kwashewa take."

Alhaji bai ji ƙarshen maganar ba, yana can yana gyara zaman hularsa a gilashin kanti.

Kusan duk fim ɗin a kansa ya ƙare: Alhaji kan babur, Alhaji rungume da rediyo, Alhaji yana washe haƙorin Makka. Da audugarsa ta fashe a gonarsa ta hanyar Maska, ya zuba babbar riga ya tafi shi kaɗai, sai a can ya tuna mutum ba ya ɗaukar kansa. Ya hangi mutum a inuwa, ya yafito, ya miƙa kyamara ba ko sallama. Alhaji dai ba ya kallon fuskar talaka. Ya koma cikin auduga ya baje hannun riga.

"Daga nan! Kada a tsallako a tattake min gona!"

Aka danna. Hoton ya yi kyau har ya sa aka faɗaɗa shi, aka sa a gilashi, ya rataye a zaure, inda ko mai tallar goro ya leƙo sai an nuna masa.

Gonar da ke maƙwabtaka da tasa ta Liatu ce, matar marigayi Yunis. Gonar ba ta taka kara ta karya ba, amma akwai ɗorawa a bakinta, kuma da kalwar ɗorawar nan Liatu ke yin daddawar da take ci da marayunta. Jerin gamba ne iyaka tsakaninsu, kamar yadda kowa ke yi tun kaka da kakanni.

Da damina ta zagayo, gambar nan ta yi ƙafa. Aka wayi gari ta zagaye ɗorawa ta mayar da ita gonar Alhaji, an dasa ta tsaf, har da taki.

Liatu ta kai kuka wurin dagaci. Dagaci ya ce a zauna a zauren Alhaji, wai ya fi sanyi. Ya fi ƙamshin soyayyun zabi dai. Dattawan da suka san iyakar nan tun suna yara suka ci suka suɗe hannu, sai mantuwa ta kama su gaba ɗaya. Liatu na durƙushe a bakin ƙofa, ba ta da shaida ko ɗaya.

Da Alhaji ya yi shiru, da ya ci shari'ar. Amma ina!

"Ranka ya daɗe, me ma ake ja? Ga hoto can, hoto ba ya ƙarya. Dubi ganyen ɗorawar nan a saman kaina, ni kuma ina tsakiyar gonata."

Aka sauko da hoton. Dagaci ya ga ganyen ɗorawa ya leƙo daga sama, ya gyaɗa kai. Sai idonsa ya sauka ƙasan hoton, inda jerin gamba ya gitta daga gefe zuwa gefe, tsakanin Alhaji da mai ɗauka. Gindin bishiyar kuwa ko alamarsa babu.

"Alhaji, wa ya ɗauke ka?"

"Wa zai tuna? Wani talaka ne."

"Ni ce, ranka ya daɗe," in ji Liatu. "Da gindin ɗorawar na jingina na danna, don Alhaji da bakinsa ya ce kada in tsallaka gamba in taka masa gona."