Karen Fannami da Kajin Yakura

Kaza ta huɗu ta ɓata ranar Talata, lokacin da Yakura ke kwari tana ban ruwan albasa. Da ta dawo ta watsa dusa ta yi kira, wake-waken kazarta ba ta fito ba. Ta leƙa akurki, ta leƙa ƙarƙashin rumbu. A bakin wata kafa ta darni ta tsinci gashi uku a jere, da 'yar tsabar gero a ƙasa. Ta share geron da ƙafa, ta ɗauki gashin.

Ba sai an faɗa mata ba. Bayan darninta gidan Fannami maharbi ne, kuma Fannami na da kare, wani dogo mai shafaffen ciki da ake kira Barsu.

Duk Gure an san Yakura. Tun da mijinta ya rasu shekarar fara, kaji ne ke riƙe da ita. Ita ke kai wa kukun kumandan sojoji ƙwai bariki kowace safiya, kukun kuwa ya sha rantsuwa gara ya yi ciniki da dillalan raƙuma uku da ya yi da ita. Masu zuwa zawarci daga bakin ƙofa take sallamar su, ko ruwa ba ta ba su. Mutum ɗaya ne al'ada ta hana ta kora: wanda dabbarsa ta yi ɓarna ya zo ban haƙuri. Shi dole a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a saurare shi har ya gama.

Bayan la'asar sai ga Fannami, kamar yadda ya zo sau ukun baya. Riga wankakkiya, gemu a gyare.

"Maƙwabciya, abin kunya ya sake faruwa."

"Kai ka ji kunya, ni na ji rashi. Wake-waken ce fa, mai ƙwai kullum."

"Zan kawo zabuwa."

"Zabuwa! Wadda sai da damina take ƙwai, shi ma ta kai shi jeji? Biyu. Da dabino cike da faifai."

Ya ce ɗaya. Ta ce biyu. Ya kawo labarin ciwon gwiwarsa, ya kawo na barewar da ta kufce masa wajen Alakos, ya dawo kan zabuwa, ya sake barin ta. Sai da rana ta yi ja sannan ya yarda da duk abin da ta yanka, har ya ƙara gishiri da kansa. Washegari a bakin rijiya Yakura ta ce wa mata ita dai ba ta taɓa ganin namiji mai tsawon ciniki da saurin faɗuwa irin wannan ba.

To amma kumandan ba ya karya kumallo da dabino. Ƙwai ya ragu, kuku ya fara ɓata rai. Ya ce akwai wata mata daga Gamu da ke ta roƙon ya gwada nata, in ƙwarya ta sake zuwa rabi, to, shi ke nan.

Yakura ta toshe kafar da ƙaya. Bayan kwana shida ta tarar an ja ƙayar gefe, tsaf, baƙar kazar babu. Ta ce lallai karen nan ya fi wasu mutane hankali. Ta sa Fannami ya rantse zai ɗaure shi, ya rantse, ta shida ta bi sahu.

"Kare da kaza ba sa zama unguwa ɗaya," in ji ta, tana buga faifai a ƙasa. "Ko ka kai shi jeji ka baro, ko ni in yi maganinsa."

Fannami ya sunkuyar da kai, ya ce ta ƙara masa 'yan kwanaki. Ranar bai tashi ba sai da ladan ya kira magariba.

Ta bakwai ita ce jar kazar, uwar garken duka. Da safen nan kuku ya leƙa ƙwarya, ya mayar mata da ita ko taɓawa bai yi ba, ya ce gobe ce ta ƙarshe.

Juma'a ce. Yakura ta jira maza suka tafi masallaci, ta ci ɗamara, ta ɗauki taɓarya. Ba ta taɓa taka gidan Fannami ba, kuma yau da ta taka, ba ta yi sallama ba.

Ga Barsu kwance a inuwar aduwa, ko igiya babu a wuyansa. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ta, ya kaɗa wutsiya. Ta matsa a hankali, ta ɗaga taɓarya da hannu biyu. Sai wani abu ya motsa tsakanin ƙafafunsa na gaba. Jar kazar ta miƙo wuya ta yi ƙyarƙyara. Baƙar na tsaye kan gadon bayansa tana tsince masa kaska. Wake-waken ta fito daga wani sabon akurki, ta yi ƙiba har tana rangaji, sauran na biye da ita.

Biba, yayar Fannami, tsohuwar da ke yi masa tuwo, ta fito daga ɗaki da ƙwarya cike da ƙwai. Ta ajiye ta gaban Yakura, ta dubi taɓaryar, ta dubi mai taɓaryar.

"Sauke hannu, amarya, karen nan ko ƙwai bai taɓa fasawa ba. Fannami ne ke jawo su da gero ɗaya-ɗaya, wai su saba da Barsu kafin ki tare. Ya ce saura biyar ya aiko da goro."