Inda Kwalta Ta Tsaya

A bakin layinsu motar zuba kwalta ta juya. Tsohon tela ya dire ruwan sanyin da ya kawo wa ma'aikata, ya sha gaban direba.

"Ɗana, ina za ka? Tun kana goye layin nan kaf jam'iyyar gwamnati muke zaɓa. Waɗancan da kuka malala wa titi, jifan ɗan takararmu suka yi!"

"Baba, ai su ake zawarci. Ku an ce ko cikin taɓo kuke kwana, ba ku sauyawa."

"Wa ya nuna maka iyakarmu?"

"Cewa aka yi in tsaya inda tutocin jam'iyya suka fara."

Tela ya ɗaga kai, ga tutocin suna ta kaɗawa a bakin layin. Shi ya ɗinka su, kyauta.