Kalanda Kafin Jarrabawa

Ku iyaye masu 'ya'ya a jami'a, ga wani misali. Wanda ya ji ya sosa masa rai, to da shi ake.

An yi wani saurayi, Lurwanu, ɗan shekarar ƙarshe a fannin injiniya a jami'ar garinsu. Yaro ne mai natsuwa, ba ya cikin waɗanda sai jarrabawa ta ƙarato suke neman aron littafi. In makon bita ya zo, yana da yadda yake yi. Ya yi karatu da sanyin safiya, da hantsi su haɗu da abokansa a gindin wata darbejiya su warware tambayoyin shekarun baya, wanda ya gane ya fahimtar da wanda bai gane ba. Bayan azahar ya ɗan runtsa, da la'asar ya taɓa ƙwallo jini ya motsa. Da haka ya haye duk shekarun da suka wuce. Sakamakonsa mai kyau ne, ƙiris ya rage ya kai daraja ta ɗaya, amma shi abin da ke ransa ya gama bana, ya fita tare da sa'o'insa.

Ubansa mai sayar da siminti ne a bakin kasuwa, irin mutanen nan da ko tari ɗansu ya yi sai majalisa ta ji labari. Tun yaro bai shiga ɗakin jarrabawa ba, uban ya je aka buga masa kalandar walima, ga hoton Lurwanu da hular kammala karatu ta aro, a ƙasa an rangaɗa: Injiniya Lurwanu, daraja ta ɗaya. Ya raba wa abokan ciniki, ya aika da saura ƙauye. Ran da yaron ya leƙo gida ɗaukar garin kwaki da sabulu, sai ya ga fuskarsa rataye a rumfar mai shayin unguwa.

Ya sami uban a zaure, ya durƙusa ya ce, "Baba, ai ba a yi jarrabawar ba tukuna."

Uban ya ce, "To so kake ka ƙaryata ni a gari? Daga yau a nan za ka yi bitar, a gaban idona. Waɗancan abokan naka na gindin bishiya ba karatu suke yi ba, hira ce."

Ya karɓe wayar yaron. Ya sa aka kwashe tarkacen ɗakin zaure aka saka tebur, shi kuma ya bar wa yaran shago ciniki, ya dasa kujera a bakin ƙofa. Da Lurwanu ya kifa kai, sai a buga ƙyaure. A kawo goro, a kawo kofi baƙi ƙirin, a ce masa barci ba ya gudu, yana nan bayan jarrabawa. Uwar ta yi magana, aka ce ita me ta sani game da boko. Shi kuwa mai faɗin haka, da za a juya littafin a kife ba zai lura ba. Wannan wane irin so ne, jama'a? Ko jaki aka yi wa lodi, akan sauke masa ya sha ruwa.

Lurwanu bai iya musu da uba ba, haka aka tarbiyyantar da shi. Ya riƙa bin layi da ido, ba abin da ke shiga. Inda ya kakare babu wanda zai tambaya. Abin da ya sani jiya, yau in ya duba sai ya ga kamar bai taɓa ganinsa ba. Abinci ya daina shiga, kuma kullum tunaninsa na kan mutanen da suka rataye hotonsa suna jira.

Jarrabawar farko ita ce babba, wadda in an faɗi sai baɗi. Aka raba takarda. Tambaya ta farko irin wadda shi da kansa ya koya wa abokansa ce a gindin darbejiya, ya gane ta sarai. Ya ɗauki biro ya rubuta lambarsa, daga nan kai ya ɗauke kamar an ɗauke wuta. Gumi ya keto masa, ƙirji na dukan uku-uku. Ya ɗago ya ga waɗanda ya koya wa suna ta rubutu. Ya yunƙura zai nemi ruwa, sai ya zube tsakanin kujeru. A asibitin makaranta ya farfaɗo ana ƙara masa ruwa. Likita ya ce ba wata cuta ba ce, rashin barci ne da fargaba. Sauran jarrabawar a kwance suka wuce shi.

Sa'o'insa suka gama, suka tafi bautar ƙasa, shi kuwa aka ce ya dawo baɗi. Kada ku zaci uban ya yi nadama. Majalisa ya koma yana cewa baki ne ya kama yaron, mahassada sun yi yawa a gari. Da aka sallamo Lurwanu, ya rame sai idanu, ko sannu bai samu ba. Uban ya dube shi ya ce, "Ka ba ni kunya." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba."

Wannan ba da haƙurin shi ne abin takaici, wai wanda aka cuta shi ke roƙon gafara. Digiri mai kyau yana hannu, aka ce lallai sai mai daraja ta ɗaya, aka tashi babu ko ɗaya. Gaskiyar Hausawa ne da suka ce, garin neman gira akan rasa ido.